Muryar Ɗan Iya da Faifan da Aka Ba da Aro

Akwai ranakun da mutum kan manta da su tun kafin ya kwanta barci, akwai kuma wadda ko daga barcin aka tashe shi zai ba da labarinta tiryan-tiryan. Ni tawa ita ce ranar da muryar wani mamaci ta kusa salwanta a hannuna, alhali mahaifiyarsa na zaune a kan bencin shagonmu tana jiran in kunna mata. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma har gobe ranar tana nan a idona kamar jiya. Ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina.

A wancan lokaci ni da yayana muna da ɗan shago a Rano, ba nisa da tasha. An yi 'yan shekaru ke nan da ƙaddamar da Shari'a, mulki kuma ya dawo hannun farar hula, gari ya cika da wa'azi da siyasa, mu kuwa da duka biyun muke cin abinci. 'Yan takara su kawo hoto mu buga musu fasta, masu tsofaffin kaset-kaset na tafsiri su kawo mu juye musu a faifan sidi kafin zaren ya tsinke. Yaya ne ya zuba jari, shi ne kuma mai ɗaukar hoto. Ni kwamfuta ce ɓangarena, don na ɗan yi karatunta a Kano, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Abin da na fi taƙama da shi a shagon shi ne tsarin ajiyar da na haɗa da hannuna. Mun sayo faifan ajiya guda biyu iri ɗaya a Kano, irin wanda ake jonawa da waya a bayan kwamfuta, baƙi, girmansa bai wuce ɗan ƙaramin littafi ba. Ɗaya na jona, ɗayan na bar shi cikin kwalinsa a durowa saboda tsaro. Wanda na jona sai da na sake masa tsari tukuna, don yadda yake zuwa daga kamfani ba zai yi aikin da nake so ba. Aikin kuwa shi ne, kullum in za mu tashi da yamma, kwamfuta ta buɗe sabuwar folda mai kwanan watan ranar, ta zuba duk aikin shago a ciki. Amma ba komai take kwafewa ba. Sabon fayil ko wanda aka taɓa shi take kwafewa. Wanda ba a taɓa ba sai ta ɗaura masa igiya kawai zuwa ga na jiya. Na sha yi wa Yaya bayani da akuya: akuya ɗaya ce, amma igiyoyi da yawa a wuyanta, kowace igiya da turkenta. Duk turken da ka je za ka tarar da akuya, amma bakin da ke cin dusa ɗaya ne. Ta haka faifan zai ɗauki aikin shekara da ɗoriya bai cika ba. In kuma wata rana ya cika, na umarci kwamfutar ta riƙa share folda mafi tsufa don sabuwa ta samu wuri. Yaya yakan gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya raya akuya," ya rataya kyamararsa ya fita.

Tsohuwar nan da rani ta fara zuwa mana, daga Nariya. Ta zo da kaset ƙulle cikin tsumma, tsumman kuma cikin wani tsumman. Ɗanta ne ya tafi Makka nema shekaru masu yawa da suka wuce, a zamanin da babu waya, sai dai mutum ya samu rikoda ya yi magana a kaset ya ba alhazai su kawo gida. Kaset ɗaya ya aiko. Abin da ya biyo baya labarin rasuwarsa ne. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta san kabarinsa ba, ko hotonsa ba ta da shi. Na saka kaset ɗin ina addu'ar kada zaren ya tsinke, sai ga murya ta fito cikin hucin tsohon kaset, muryar saurayi mai ɗan in'ina, yana cewa, "Iya, kina ji na kuwa? An ce in na yi magana a nan za ki ji." Daga nan ya shiga gaishe da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gonar gyaɗa, ya tambaya ko an gyara katangar bayan gida, ya ce a yafe masa. Na juye shi tsaf, na ba ta sidi na mayar mata da kaset ɗinta, ta ce jikanta yana da abin kunnawa. Da aka kwana biyu, kamar yadda muka saba yi wa duk aikin da mai shi ya riga ya karɓa, na goge shi daga kan kwamfuta don ta samu sarari. Ban ji ko ɗar ba, tunda yana cikin faifan ajiya.

Sai ga ta ta dawo tsakiyar damina, ranar kasuwa, da hantsi. Tun daga yadda ta sauko daga kan babur ɗin ɗan acaɓa na san ba lafiya ba. Bayan mun gaisa ta kwance bakin gyalenta ta ajiye mini abu biyu a kan tebur. Sidin ya rabe gida biyu. Kaset ɗin ya fashe, zaren ya cuɗe da laka ya bushe. Ruwan da aka kwana ana yi a makon ne ya kayar da ɗakinta. Allah ya sa a ɗakin surukarta ta kwana ranar, amma akwatinta yana ƙarƙashin ginin.

Ta ce, "Ɗan nan, ban damu da zannuwan ba. Fuskarsa ta daɗe da ɓace mini, ko na rufe ido ba na ganinta. Muryar ce ta rage. An ce wai injinku ba ya mantuwa."

Na ce, "Iya, kwantar da hankalinki, muryarsa tana nan. Zauna ki sha ruwa. Kafin ki ajiye kofi kin ji ta."

Da cika baki na faɗa, har da ɗan murmushin nan na wanda ya san aikinsa. Ta zauna a kan benci ta fito da carbinta. Ni kuma na buɗe faifan ajiya ina shirin gangarawa can baya zuwa watannin rani. Sai na ga babu inda zan gangara. Folda-foldar da ke ciki 'yan ƙalilan ne, duk na 'yan kwanakin nan. Ta rani babu, ta farkon damina babu, ko ta watan jiya babu. Na rufe na sake buɗewa, kamar wanda ya laluba aljihu bai ji abin da yake nema ba ya sake lalubawa. Na nemi fayil ɗin da sunan da na sa masa, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Faifan kuwa a cike yake maƙil.

Na duba nauyin foldar jiya, na duba ta shekaranjiya, kowacce nauyinta ya kai na aikin shago gaba ɗaya. Wato kwamfutar ta daina ɗaura igiya, kullum sai ta kwafe komai sabo fil, kowane turke da akuyarsa. Faifan da ya kamata ya yi shekara sai ya riƙa cika cikin 'yan kwanaki, ita kuma, bisa umarnin da na ba ta da kaina, tana share tsofaffi tana zuba sababbi. In haka ne, muryar yaron nan ta daɗe da bin iska. Na ɗago na saci kallon Iya. Ta shanye ruwan, ta ajiye kofin a gefen ƙafarta.

Ruwa ba ya tsami banza. Na ce wa kaina sai na san abin da ya jawo haka kafin in buɗe baki in gaya wa tsohuwar nan wata magana. Na fara da agogo. Kwamfuta tana gane fayil ɗin da ba a taɓa ba ne ta girmansa da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, ga shi yawan ɗauke wuta yakan rikita mata agogo. Na gwada agogonta da na bango, daidai suke. Na ɗauki hoto ɗaya na duba lokacinsa a foldar jiya da ta shekaranjiya, babu bambanci. Na koma kan umarnin da na rubuta mata, inda na nuna mata hanyar da za ta bi ta samu foldar jiya, na bi shi harafi bayan harafi da yatsa a kan gilashi, ko wani ya taɓa. Babu wanda ya taɓa. Akwai wurin da take nuna yawan igiyoyin da ke wuyan kowane fayil, na buɗe shi. Daga sama har ƙasa ɗaya, ɗaya, ɗaya.

Wani yaron ɗan takara ya shigo yana tambayar fastarsu, na ce masa ya dawo bayan zaɓe. Ya tsaya yana kallona, na kalle shi, ya fita.

Iya ta ce, "Ɗan nan, ko injin ne bai ɗumama ba?"

Na ce, "Yanzun nan, Iya."

Da dabara ta ƙare mini sai na ce bari in ɗaura igiyar da hannuna in ga abin da za ta ce. Na zaɓi fayil ɗaya na ba ta umarni. Amsar da ta dawo mini da ita gajera ce, da Turanci: irin wannan faifan ba a ɗaura igiya a kansa. Na karanta na sake karantawa. Yaya za a yi faifan da na tsara da hannuna ya ce haka? Na tambaye ta wane irin tsari ne a jikinsa, ta nuna mini irin na kamfani, wanda faifai ke zuwa da shi cikin kwali. Na miƙa hannu bayan kwamfuta na ɗago shi. Nawa yana da ɗan gutsure a kusurwa, tun ranar da ya zame daga kan tebur muna shara. Wannan sumul yake, ko ledar da ke lulluɓe da saman ba a ɓare ba. Na jawo durowa na buɗe kwali, wayam. Kama da wane ba ta wane. Ashe ba faifana ne ya lalace ba, canja shi aka yi. Kwamfutar kuma da ta ga igiya ta ƙi ɗauruwa ba ta yi ƙorafi ba, ta yi shiru ta ci gaba da kwafe komai.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. In wannan ba nawa ba ne, to nawa yana wani wuri, kuma duk aikin rani yana cikinsa.

Daidai nan Yaya ya shigo daga wani suna da ya je ɗaukar hoto, da ɗan ƙullin nama a leda. Na ja hannunsa zuwa bayan labulen da muke ɗaukar hoton fasfo, na rage murya.

"Yaya, ina tsohon faifan?"

Ya kalli ledar hannunsa. "Wanne?"

"Mai gutsure a kusurwa."

Ya ce, "Kwanakin baya da ka tafi ta'aziyya Fassi, yayan matata ya zo, mai gidan kallon nan na Rurum. Ya ce yana neman inda zai riƙa tara finafinai. Ya ga muna da biyu. To yaya zan yi? Suruki ne. In ce masa babu yana kallo?"

"Ai sai ka ba shi na cikin kwali."

"Na ga bai dace a ba da sabo aro mu zauna da tsoho ba. Na ce sabon ya fi ƙarfi, shi ya kamaci aikinmu. Kuma na tsaya a kai da yamma, na ga ya kwashe duk abin da ke kan kwamfuta, bai bar komai ba."

Na ce, "Abin da ke kan kwamfuta ya kwashe. Abin da muka goge fa?"

Ya ɗan ɗaga labulen ya hango Iya da fasasshen kaset a kan tebur, ya sake shi a hankali. Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya san ni da haka, kuma da ƙanena ne ya yi wannan da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma yaya yaya ne. Na haɗiye maganar. Banda haka ma wani tsoron ya riga ya danne fushin. Tsarin da na yi wa faifan nan, irin kwamfutar da kowa ke amfani da ita ba ta iya karanta shi. In aka jona shi ba za ta nuna komai ba, sai ta fito da ɗan akwatin tambaya, ko a wanke shi. Mutum ya danna e, shi ke nan, ta share shi tas. Kuma faifan ya yi makonni a hannun mutumin da ke neman wurin zuba finafinai.

Yaya ya kira shi a waya. Ta yi ta ƙara, aka katse. Ya sake kira, aka ce a kashe take. Na kasa gaya wa Iya gaskiya, na ce mata akwai abin da za mu ɗauko yanzu mu dawo. Na roƙi telan da ke maƙwabtaka da mu ya sa mata ido.

Ta ce, "Ku je, ɗan nan. Babu inda za ni."

Yaya in yana tuƙa babur ko kaza ba ta gudun sa, don haka ranar ni na karɓi tuƙi ya hau baya. Hanyar Rurum ta jiƙe sharkaf, dawa da masara sun rufe gefe da gefe, hadari kuma ya fara haɗowa ta gabas. Ban kula da rami ba, ban kula da taɓo ba. Duk tsawon hanyar abu ɗaya nake gani, ɗan akwatin tambayar nan da yatsan mutum a kansa.

Mun tarar da gidan kallon a kulle, muka wuce gidan su mai shi. A zaure muka iske mahaifinsa, wato surukin Yaya na gaske, dattijo a kan buzu. Tun daga nesa Yaya ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ni ma dole na durƙusa. Aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya iyali, yaya yaran, yaya mai jiki, yaya muka ji da haƙurin wane. Dattijon ya sa aka kawo fura. Yaya ya karɓa da hannu biyu kansa a ƙasa, don a gaban suruki ko gobara ake yi a bayansa ba zai juya ba. Ni kuwa ina tsugune, ina jin kamar in ɗaga ƙwaryar in shanye a yi ta ta ƙare. Da na ga za a koma zagaye na biyu na gaisuwa, sai na tuna ni ba surukina ba ne kai tsaye, ina da ɗan sauƙi.

Na ce, "Baba, a gafarce ni, mai gidan kallo muke nema da gaggawa."

Ya ce, "Af, ai kun yi saɓani. Ya tafi Rano tun da hantsi. Akwai wani ɗan baƙin akwati da ya hana shi sakat kwanakin nan. Ya ce kayan mutane ne, ya jona shi ya ƙi tashi, yana jin a hannunsa ya lalace. Ya ce ba zai iya haɗa ido da mai shi ba sai ya gyara. Yau dai ya ce zai kai wa mai gyara a huta."

Dattijon bai san mai kayan ne durƙushe a gabansa ba. Na dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa. Yanzu na gane dalilin katse waya. Kunya ta hana wannan ya ce ba zai ba da aro ba, kunya ta hana wancan ya ce abu ya ƙi aiki. Wato har safiyar ranar faifan yana nan lafiya, surukin ya ga tambayar da Turanci ya tsorata ya zare. Amma duk mai gyaran da aka kai wa, abu na farko da zai yi shi ne ya danna e.

Mun baro Rurum ba da nisa ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba na ganin gabana sosai. A wani kwari babur ya sha ruwa ya mutu, muka sauka muna turawa cikin taɓo har ƙauri. Allah ya yafe mini abin da na faɗa wa ruwan nan a zuciyata. Muna cikin turawa Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In muryar ta tafi, ni zan gaya wa tsohuwar."

Na ce, "Ni na yi mata alkawari."

Muka ci gaba da turawa har babur ya tashi.

A lokacin, banda mu, mutum ɗaya ne mai kwamfuta a wajen kasuwar Rano da za a kai wa irin wannan, wani mai tura waƙoƙi da wa'azi a waya, rumfarsa na can bayan kasuwa. Na tabbata can surukin ya nufa, ya zagaya don kada ya bi ta ƙofar shagonmu. Muna shiga gari ruwa ya tsagaita. Na bar wa Yaya babur na kutsa cikin kasuwa a guje, ina tsallake buhuna da kwanduna, wata mai kayan miya ta bi ni da baƙar magana ban waiwaya ba. Tun daga nesa na ji ƙarar ɗan janaretansa. Na hango surukin a tsaye ya ba ni baya, faifana a kan tebur jone da waya, ga ɗan akwatin tambayar nan a tsakiyar gilashi.

Mai rumfar yana cewa, "Ai ba lalacewa ya yi ba, Alhaji, wankewa kawai yake so. In danna?"

Surukin ya ce, "In dai zai tashi, danna."

Na miƙa hannu ta tsakaninsu na fizge wayar. Sai bayan nan na yi sallama. Suka juyo suna kallona, ruwa na ɗiga daga jikina, laka har a gira. Na tambayi mai rumfar ko ya taɓa dannawa kafin in zo.

Ya ce, "A'a. Tun ɗazu ya kawo, ina jonawa ruwa ya sauko na kashe inji na rufe da leda. Yanzu na tayar."

Ruwan nan da na gama yi wa tsiya a hanya. Na yi istigfari a nan inda nake tsaye. Yaya ya iso yana haki, suka haɗa ido da surukinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Su biyun suka fara ba juna haƙuri lokaci guda, wannan na cewa laifinsa ne wancan na cewa nasa ne. Na bar su a nan, na cusa faifan cikin rigata na nufi shago.

La'asar ta wuce. Tela ya ce Iya ta yi sallolinta a kan tabarmar shago, ya kawo mata abinci ba ta taɓa ba. Tana nan a kan benci inda na bar ta. Hankalina bai kwanta ba tukuna, don faifan ya yi makonni a ɗakin da ban san danshinsa ba, an jona an zare ban san sau nawa ba. Na goge hannuna, na cire sabon na mayar da mai gutsure wurinsa. 'Yar fitilarsa ta kama, ta ɗauke, ta sake kamawa. Na ji yana juyawa a ciki. Na daɗe ban ga jiran da ya kai wannan tsawo ba. Can sai folda-folda suka zubo, jeri guda har ƙasa, na gangara na wuce damina, na wuce bazara, na shiga rani. Ga fayil ɗin nan da sunan da na sa masa. Kafin in yi komai sai da na kwafe shi a kan kwamfuta, sannan na ƙara murya na kunna.

Hucin tsohon kaset ya cika shagon. Sai muryar ta fito da 'yar in'inarta.

"Iya, kina ji na kuwa?"

Tsohuwar ta ɗago kai ta dubi wajen lasifika ta ce, "Ina jin ka."

Haka ta faɗa, ba kuka ba rawar murya, kamar yadda uwa ke amsa wa ɗanta in ya kira ta daga zaure. Yaya, da ya iso yana tsaye a bakin ƙofa a jiƙe, ya juya fuskarsa wajen titi. Ni ma na sunkuya ina gyara wayar da ba ta buƙatar gyara. Ta saurara har ƙarshe, har inda ya ce a yafe masa, ta ce ta yafe. Na yi mata sidi biyu da kaset sabo, na ce ta raba su ɗaki daban-daban. Da za ta tafi na ba ta haƙuri kan jiran da ta sha.

Ta ce, "Wane jira, ɗan nan? Ai na san tana nan, tunda ka ce tana nan."

Har ta bar duniya ba ta san abin da ya faru a ranar ba. Amma maganar nan tata ba ta bar ni ba. A makon na tsara sabon faifan yadda ya kamata, na sa fenti na rubuta a jikin kowanne cewa ba na aro ba ne, don Yaya ya samu abin nuna wa surukai. Na kuma gyara umarnin kwamfutar, ta yadda duk ranar da igiya ta ƙi ɗauruwa za ta tsaya cak ta faɗa mini, kada ta share ko da fayil ɗaya. Duk Juma'a kafin masallaci nakan buɗe ajiyar in gangara can ƙasa in ɗauko wani tsohon aiki in kunna, don in ji da kunnena.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ajiyar da ba ka leƙawa zato ce kawai kake ajiye da shi. Kuma ba mugu ne kaɗai ke ɓatar da amana ba. Babu mugu ko ɗaya a cikin labarin nan, sai mutanen kirki da kowannensu ya ga abu ya ƙi, ya yi shiru don kada ran wani ya ɓaci. Kunya ado ce, ban musa ba, amma in abu ya lalace a hannunka ko ka taɓa abin da ba ka gane ba, faɗarsa da wuri ita ce mutunci. Ni kuma tun daga ranar ban sake ce wa kowa kayansa na nan ba sai na buɗe na gani da idona, don na san akwai wanda zai zauna a kan benci tun hantsi har la'asar bai ci komai ba, saboda kawai na ce tana nan.